Lambobin da ke Jikin Injin Wanki da Kayan da ke Jikinmu

Yau maganar wanki za mu yi, wankin inji: wane ruwa za a zuba, mai zafi ko mai sanyi, kuma a ina za a tsayar da abin murɗawar nan da ke gaban injin. Uwar gida, in hannunki na cikin aiki, ƙaro muryar rediyon kaɗan. Maigida, kai ma zauna ka saurara, domin kai ke sayen katin wuta, kuma har da shaddarka a cikin zancen.

Injin wanki ya shiga gidaje da yawa yanzu, har ya zama yana cikin kayan ɗakin da ake kai wa amare. Sai dai waɗanda suka ƙera shi sun yi lissafinsu ne da mutanen da tufafinsu ke fitowa daga kamfani, kowace riga da ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe, an zana ɗan baho an rubuta 30 ko 40 ko 60 a ciki. Mai wanki ya duba lambar, ya murɗa injin zuwa irinta, shi ke nan. Mu fa? Mafi yawan kayanmu yadi ne aka yanko a Kantin Kwari ko wata kasuwar, tela ya ɗinka. Atamfa, shadda, leshi, yadin maza, mayafi, babu wanda ke zuwa da wannan ɗan ƙyallen. Saboda haka dole mai wankin ya san yadin da kansa, ya kuma san abin da zafi ke yi masa.

Akwai abu na biyu da littafin injin bai yi lissafinsa ba. Ruwan da Bature ke kira na sanyi, wanda ke fitowa daga famfonsa, bai cika wuce digiri 15 ba, a lokacin sanyinsu ma ya fi haka sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, rana tana kaiwa digiri 40. Ki buɗe famfo da azahar daga baƙin tankin nan da ke saman rufi, ki tara hannu, za ki ji ruwan da ɗuminsa, wani lokacin har sai kin janye hannun. Wannan ruwan ya riga ya kai digiri 30 ɗin da Bature ke biyan kuɗin wuta kafin ya samu, sau da yawa ma ya wuce. Ma'ana, a yawancin watannin shekara, wankin ruwan sanyi a wurinmu wankin ruwan ɗumi ne, kuma kyauta. Ni a ganina nan ya kamata kowane gida ya tsaya: kayan yau da kullum a wanke su da ruwan famfo yadda yake, a ajiye zafi don 'yan wuraren da ba makawa sai da shi. Zan zo kan waɗannan wuraren.

Me ya sa na dage a kan haka? Mu fara da wuta. Injin da ke da ƙofa a gaba, mai gilashi, yana da hita a cikinsa, kuma hitar nan tana jan wuta wajen wat 2,000. Motar da ke juya kayan ba ta jan ko rabin haka. Mu ɗauka injin ya ɗebi lita 15 don wankin farko, ruwan kuma yana digiri 25. In aka ce ya kai shi digiri 30, abin da zai ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin wuta ba. In aka ce ya kai shi 60, zai ci fiye da rabin yunit, wato ninki bakwai, a ɗumama ruwa kawai. Mai sola da inbata ya fi kowa gane wannan, domin da zarar hita ta kama za ka ga batir na sauka. Ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin kuwa ba zai ɗauke ta ba sam.

Sai kuma abin da zafi ke yi wa kaya. Auduga tana tsukewa, musamman a wankin farko. Launi yana zuba ya kama na kusa da shi. Robar ƙugun wando da ta bakin hijabi da ta safa tana sakewa. Yadin roba yana yin tamoji mai wuyar guga. Duwatsun da ake liƙawa a jikin abaya da leshi da gam ake liƙa su, ruwan zafi kuwa yana sassauta gam, sai ki tarar da su a ƙasan injin.

Omon zamani ma ba ya buƙatar zafin da iyayenmu suka saba da shi. Da yawa daga cikin garin sabulun da na ruwa suna ɗauke da wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda aikinsu shi ne su daddatsa dattin abinci da gumi da maiƙo har ruwa ya iya tafiya da shi. Sun fi yin aiki a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 40. In zafin ya wuce 60 sukan lalace. To kin ga wanda ya tafasa ruwa ya zuba omo mai tsada a ciki ya kashe rabin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Inda ruwan sanyi ke ba da matsala shi ne lokacin hunturu. A Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a tanki ko a randa yakan yi sanyin da garin omo ba ya narkewa sosai a cikinsa. Shi ne za ki kwaso baƙin wando ki ga fari-fari a jikinsa kamar ba a ɗauraye ba. Maganin abin mai sauƙi ne. Ki kaɗa omon a kofi da ruwan ɗumi ya narke kafin ki zuba, ko ki bar wankin sai rana ta ɗaga. Mai injin da ke da hita ya sa shi a 30.

Bari mu ɗan tsaya kan tabo, domin a nan ake yawan asarar kaya.

Jini, nono, madara, ƙwai, aman jariri, duk waɗannan ba sa son zafi. Zafi dafa su yake yi a cikin zaren, kuma in suka dahu sun zauna. Ranar Babbar Sallah, rigar da jinin layya ya fallatsa a jikinta, a tsoma ta a ruwan sanyi nan take, a cuɗa wurin da sabulu, tukuna ta shiga inji. Manja da man gyaɗa da maiƙon nama kuwa akasin haka ne: su ɗumi suke so. Yaro ya ɗiga miyar manja a gaban farar rigar makaranta, kada a jefa ta inji haka nan a ce zafi zai fitar. A shimfiɗa wurin, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, a murza da yatsa har jan ya fara sakewa ya koma ruwan lemo, a bar shi minti goma ko sha biyar, a ɗauraye da ruwan ɗumi, sannan a wanke a digiri 40. In ɗan ja ya rage, a shanya a rana, domin rana tana koɗar da launin manja. Abin da ba a so shi ne a ɗora dutsen guga a kan tabon da bai gama fita ba. Goro da shayi da zoɓo su kuma gaggawa suke so, a ɗauraye tun da ɗanyensu.

Akwai kuma maganar tsarki, wadda ta dame mu fiye da masu ƙera injin. Kayan da fitsarin yaro ko wata najasa ta taɓa, a ware su, a kwarara musu ruwa mai tsarki najasar ta tafi kafin a haɗa su da sauran kaya. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma ya zama sabo, mai tsabta. Mai neman ƙarin bayani kan hukuncin ya tuntuɓi malamai, amma wannan tsarin yana kwantar da hankali, kuma ya dace da tsabta.

To, ina ne ba makawa sai da zafi?

Na farko shi ne ciwo a gida. In wani yana gudawa ko amai, ko yana da ƙuraje masu yaɗuwa, zanin gadonsa da tawul ɗinsa da kayan cikinsa a wanke su su kaɗai, a digiri 60. A lokacin annobar korona a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu jinya a gida shawarar wanke kayan majiyyaci a digiri 60 zuwa 90 da sabulun wanki na yau da kullum. Ƙazuwa da kwarkwata da kuɗin cizo su ma ruwan ɗumi ba ya kashe su, amma digiri 60 yana yi. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana, ku lura da wannan: yaro ya dawo hutu yana soshe-soshe, kada kayansa su shiga ɗaki a haɗa da na ƙannensa. Daga akwati sai ruwan zafi, sai rana, sai guga. Nafkin ɗin jarirai na ƙyalle da tsumman kicin da ake goge nama da shi su ma 60 ne wurinsu. Lambar 90 kuwa da wuya gida ya buƙace ta, sai dai fararen kayan auduga na majiyyaci.

In za a sa bilic, irin su Hypo, a fararen kaya, a tsarma shi da ruwa, kada a zuba shi kai tsaye a kan yadi, kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Ba ya kuma buƙatar ruwan zafi kafin ya yi aiki.

Na san da yawa daga cikin masu saurarenmu injin da ke gidansu mai baho biyu ne, gefe ɗaya wanki, gefe ɗaya matsewa. Shi ba shi da hita, ruwan da kika zuba masa da shi zai yi aiki. Jikinsa roba ne, kuma masu ƙera shi sukan gargaɗi kada ruwan ya wuce digiri 50. Kada a sauke tukunya daga wuta a juye masa, robar tana lanƙwashewa, inda ke riƙe ruwa ya fara yoyo. Ga yadda za ki haɗa ba tare da ma'auni ba. In ruwan famfonki matsakaici ne, wajen digiri 25, kwano ɗaya na tafasasshen ruwa a cikin kwano huɗu na ruwan famfo zai ba ki digiri 40. Ɗaya a cikin biyu zai ba ki 50. Na sanyin ake fara zubawa, sannan na zafin. Kayan majiyyaci da ke buƙatar 60 kuwa, a jiƙa su a bahon ƙarfe, rabi tafasasshe rabi na famfo, da omo, a bar su har ruwan ya huce, sannan a kai su inji. A yi hattara da yara a wurin, domin ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan.

Mai baho biyu yana da wata fa'ida ga wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ruwan omo ɗaya yana iya wanke kashi biyu ko uku, in aka bi tsari: farare tukuna, sai masu launi marasa zuba, baƙaƙe da jins a ƙarshe. Mai ƙofa a gaba yakan sha wajen lita 50 a wanki guda, kamar jarka biyu ke nan. Mai buɗewa ta sama mai sarrafa kansa yana iya shan ninkin haka.

Yanzu mu matso gaban injin mu duba rubutun. Wani da Turanci yake, na Nijar sau da yawa da Faransanci, na hannu da ake shigowa da su daga Turai wani ma da Jamusanci. Kada rubutun ya ruɗe ki, lambobin za ki duba. Ƙananan lambobi, 20, 30, 40, 60, 90, zafin ruwa ne. In kika ga ɗan tauraro irin na ƙanƙara, ma'anarsa hita ba za ta kama ba. Manyan lambobi, 400, 800, 1000, 1200 har 1400, yawan juyin da gangar ke yi ne a minti ɗaya lokacin matsewa.

Inda aka rubuta Cotton shi ne wanki mai ƙarfi mai tsawo, na zanin gado da tawul da kayan makaranta. Synthetics na yadin roba ne, ya fi sauƙi. Delicate da Wool suna juya kaya a hankali cikin ruwa mai yawa, nan ne wurin mayafi da hijabi da suwaita. Quick, na minti 15 ko 30, an yi shi ne don kaya 'yan kaɗan da gumi kawai ya taɓa. Mutane suna son sa saboda tsoron ɗaukewar wuta, sai su cika injin da kayan yara masu dauɗa su sa shi a nan, kayan su fito da dattinsu, a ce injin ba shi da kyau. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki jiƙa kayan a baho tun da wuri, jiƙon zai yi rabin aikin kafin wuta ta zo. Akwai kuma Eco 40-60, wanda Tarayyar Turai ta wajabta a sababbin injuna tun watan Maris na 2021. Yana iya ɗaukar awa uku ko fiye, duk da haka ya fi sauran ƙarancin cin wuta, domin yana rage zafi ya ƙara lokaci. Ga mai sola da rana tsaka, ya dace ƙwarai. Wanda wutarsa ba ta cika awa biyu ba kuwa, kayansa za su kwana a cikin ruwa su yi wari.

Kan matsewa, ina ganin muna wahalar da kaya a banza. Juyi 1200 da 1400 an yi su ne don ƙasashen da riga ke kwana biyu ba ta bushe ba. A hunturu ko bazara, kayan da aka matse a 800 za su bushe kafin a yi la'asar, ba su yamutse ba, guga ta yi sauƙi, injin ma ya huta da jijjiga. Da damina, tawul da bargo da jins, a nan a ƙara. Mayafi da leshi kada su wuce 600.

Akwai kayan da ni ba na son ganinsu a inji ko kaɗan. Shadda mai daraja, irin gezna da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, kyanta yana cikin sheƙi da tsayuwar da aka ba fuskarta. Zafi da gurzar ganga suna cinye wannan sheƙin, kuma inda ta karye a cikin matsewa yakan bar farin layi. A wanke ta da hannu, a ruwan sanyi, da sabulu mara ƙarfi, kada a murɗe ta, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu su dawo mata da fuskarta. Babbar riga mai aikin hannu haka, domin zaren aikin da yadin ba sa tsukewa daidai, sai wuyan ya tattare. Hula zanna bukar da kuɓe suna da masu wankinsu. Kayan rini na baba, irin na marinar Ƙofar Mata, suna zuba a wankin farko-farko, to su kaɗai, a ruwan sanyi.

Atamfa tana iya shiga inji. A juya ta bai-bai, ruwan sanyi, matsewa kaɗan. Sabuwa kuwa a gwada ta tukuna: ki jiƙa ɗan gefen zanin ta ciki, ki ɗora farin ƙyalle ki danna da babban yatsa ki ƙirga goma. In kika ɗaga kika ga launi ya hau farin, wannan ba ta shiga cikin taro. Leshi da mayafi masu duwatsu, in dole sai inji, a sa su a jakar raga, in babu a zuba su a rigar matashi a ɗaure bakin.

Gidan sauro mai magani shi ma a bar shi daga inji. An yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20 in ana yi a hankali, da ruwan sanyi da sabulun sanda, a shanya a inuwa. Omo mai ƙarfi da bilic da ruwan zafi da rana suna rage maganin da ke kashe sauron, sai ya zama raga kawai.

Saura abubuwa kaɗan kafin lokaci ya ƙure mana. Kada a danƙare ganga. In kin zuba kaya, ki sa hannu a tsaye tsakanin kayan da saman gangar, in bai shiga ba, ki rage. Kilon da aka rubuta a jikin injin na busassun kayan auduga ne, kayan da ba sa son wahala kuwa rabi ko ƙasa da haka ake sawa. Kuma yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Mai ƙofa a gaba ma omo mara kumfa da yawa yake so. Omon da ya wuce kima yana maƙalewa a yadi, ya sa jarirai ƙaiƙayi.

Shi kansa injin yana buƙatar wanka. Gidan da ke wanki da ruwan sanyi kullum, ki ja robar bakin ƙofar ki leƙa cikin ninkinta, za ki ga wani baƙin yauƙi mai wari, haɗe da zare da gashi, wani lokacin har da fil ɗin ɗankwali. Shi ke sa kaya su fito suna tsami. Sau ɗaya a wata, a kunna injin babu kaya a ciki, a digiri 60 ko sama, ko a inda aka rubuta Tub Clean. A goge robar, a ciro aljihun omo a wanke, a buɗe 'yar matatar da ke ƙasa a kwashe abin da ta tara, a riƙa barin ƙofar a ɗan buɗe bayan kowane wanki. Masu ruwan burtsatse mai gartsi, wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, ku sani yawan wanki da zafi yana sa farin ɓawo ya kama hitar, irin wanda ke kama cikin butar shayi, har ta ƙone. Ana sayar da maganin cire shi, a riƙa amfani da shi lokaci-lokaci. In kuma kika taɓa jikin injin kika ji yana ɗan ja, ki zare shi daga soket, kada a sake kunnawa sai mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna kan sitati da guga, da zafin da ya dace da kowane yadi.